Garwa Ashirin ta Motar Modu

Damagaram, 4 ga Rajab

Zuwa ga ɗana Mai Nasara, a lakwal, Yamai.

Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina fatan kana lafiya, kai da malamanku da abokan karatu. Mu nan kalau muke. Uwarka na gaishe ka, ta ce a tambaya ko ana ba ku tuwo ko har yanzu shinkafa ce. Ka yi haƙuri da rubutuna. Shekara biyu na yi a lakwal, ɗaya a ciki shara na yi.

Bayan haka, ubanka ya yi abin kirki, bari ka ji. Ranar kasuwa kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya tafi da ni tasha, tun da ni ke riƙe da makullin ɗakin mai na biro, wato ofishinsa. Yana so a faɗa masa garwa nawa ta man mota kowace kamiyo ke sha zuwa Kano da dawowa. Direbobin Kanawa duk suka ce takwas, suna sunkuyar da kai. Na ce a raina, ashe motocin nasu ba su da ciki.

Sai aka zo kan motar babanka Modu, aminina tun muna yawo ba wando. Kafin Modu ya amsa, kumandan ya dube ni. Ka san gaskiyarta shida ce, domin a kowace gangara Modu kashe ta yake, a rairayin Tirmini kuma fasinja ke sauka su tura. To, in faɗi wannan a gaban Kanawa? Mu da muka tashi muna jin ana yabon doki da yawan dawar da yake ci? Na gyara hula na ce ashirin. Kumandan ya sake tambaya, na sake faɗa har da rantsuwa. Modu ya gyara rawani, da la'asar ya aiko mana da cinyar rago.

Ka dage da karatu. Naka,
Suma'ila

Damagaram, 20 ga Sha'aban

Ɗana Mai Nasara,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya karatu? Mu lafiya, sai dai abinci ba ya wuce mini sosai.

Waccan wasiƙar, in ba ka nuna wa kowa ba, ka ƙona ta. Ashe lampo, wato haraji, za a ɗora a kan mai, kowa ya biya gwargwadon abin da aka rubuta motarsa na sha. Kanawa sun san halin Bature da littafi, shi ya sa suka sunkuya. Ni da nake kwana da tashi a ƙofar biro ban tambayi dalili ba. An ɗora wa Modu fiye da ninki biyu na kowa, a kan man da motarsa ba ta taɓa sansanawa ba.

Ya kasa biya, yau sati uku motar tana tsaye a ƙofar gidansa a Zango, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Wani Alkasum, attajirin Kano, yana ta zagayawa yana taya ta. Ka tuna a cikinta aka kai uwarka asibiti, ita ta ɗauke ka da akwatinka ba ko anini. Matar Modu, Kande, ta zo gidanmu, ta gaida uwarka, ta sha ruwa, ta tafi. Tun ranar uwarka ke ajiye mini tuwo da ƙarfi. Shi kuwa Modu kullum sai ya miƙo mini hannu a masallaci ya tambayi lafiyarka. Da zagina ya yi da na samu sauƙi.

Gyara ɗaya ne: in je in ce wa kumandan na yi ƙarya. Ka san abin da zai biyo baya, makulli da hular kaki. Sau uku ina shiga biro da niyyar faɗa, sau uku ina fitowa bayan na tambayi lafiyar dokinsa.

Ka sa ni a addu'a, ba sai ka faɗi dalili ba.
Ubanka, Suma'ila

Damagaram, 9 ga Shawwal

Ɗana,

Barka da salla, da fatan ka sha ruwa lafiya. Uwarka ta aiko maka da ƙuli-ƙuli, ta kuma fara ajiye tuwon a hankali.

Na faɗa. Kumandan bai yi faɗa ba, ya ce bakin da ya ce ashirin ba zai yarda da shidansa ba, sai an auna. Aka zuba garwa ɗaya a gabansa, aka cika mota da fasinja, shi da kansa ya zauna kusa da Modu, aka nufi Garagumsa. Rabin tasha suka biyo mu a kan jakuna don kallo. A rairayin Tirmini Modu ya kashe mota kamar kullum, kowa ya sauka. Ni ma na sa kafaɗa, cikin kakina, ƙafata na nutsewa, Kanawa na tambayata garwa nawa ni nake sha.

Da kumandan ya ga inda garwa ɗaya ta kai mu, ya yi lissafi, aka rubuta shida. Washegari na mayar da makulli da hula. Ka daina gaya wa abokanka ubanka ma'aikacin biro ne.

Abin da ya fi ci mini rai, asirin da na yi ƙaryar don in rufe, ni na tona shi a gaban kowa. Yanzu daga Birni har Zango ana kiran motar Mai-shan-gumi. Na kwana goma ina bi ta bayan gida zuwa masallaci don kada mu haɗu.

Ranar Juma'a sai ga Modu a zaure. Ya zauna, ya ci goro, ya ce ya sallami Alkasum, Litinin zai tashi Kano. Ya ce ranar awo ya lura, a duk masu turawa ba wanda ya kai ni sa ƙarfi, yana neman irina. Na kasa ɗaga kai, na ce to.

Saboda haka ubanka ya samu aiki. Kada ka faɗa wa malamanku yadda motar ke tafiya yanzu, kar labari ya kai biro a zo a auna tuwon da nake ci.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka hankalin tambayar dalili.
Ubanka, Suma'ila