Tanti a Gonata

Litinin, 22 ga Oktoba, 2001
Wani ya iso Durun a kan ƙaton babur, kaya ɗaure har wuyansa. Sajo, in ji shi. Daga Sudan. Hausarsa irin ta tsofaffin da suka mutu. Mai unguwa ya ce ya koma masaukin baƙi na Gwarzo, ya ƙi: wai ɗaki zafi da kuɗin cizo, ga masu duba takarda. An ba shi zaure, nan ma ya ƙi. Sai gindin kukar gonata yake so ya kafa tanti. Gonaki fal garin nan, me ya sa tawa?

Talata, 23
Na yarda, don ya zauna inda nake ganinsa.

Alhamis, 25
Matata Uwaliya ta aika masa tuwo ba da sanina ba. Na yi magana, ta ce, "Malam, ilimin naka bai kai babin baƙo ba?" Shekara talatin ina aikin auduga aka sallame ni da takarda guda, yanzu matata ke koya mini babi.

Maƙwabcina Maikuɗi ya zo da labari. Wai kakan mutumin, Malam Uwaisu, daga nan ya tafi Makka a ƙasa, ya maƙale a Sudan. Gidansa a da a wajen kukar yake. "Ja'afaru, ka ga Shari'a ta dawo, gado ba ya ruɓewa." Yana faɗa yana dariya, ɗan banza. Gonar nan mahaifina ya nome ta, ba takarda. Ita kaɗai ta rage mini.

Juma'a, 26
Bayan sallar Juma'a na sami Sajo yana dafa shayi a bakin tantin. Ya ce tun daga Abeshe ta ƙasar Chadi a daji yake kwana. Wai mai masauki kuɗinka yake tambaya, daji ba ya tambayar komai. Daɗin baki. Sai ga tambayar da nake tsoro: "Baba, ko ka san wata tsohuwar rijiya a nan? Kakana ya haƙa ta." Na ce ban sani ba.

Na sani. Tana cikin dawar gonata, ƙasa ta cike ta. Ranar da ya gan ta ya sami shaidar kai wa alƙali.

Asabar, 27
Yana zagaya gonar yana kallon ƙasa. Mai ziyara ba ya haka.

Lahadi, 28
Gobe zai tafi, in gaskiya ne. Uwaliya ta ce uwarsa makauniya ce, a can aka haife ta, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, kullum zancenta rijiyar ubanta. Irin labarin da ake shirya wa mata.

Ban ci tuwon kirki ba.

Litinin, 29
Ya naɗe tanti da hantsi. Na je duba ko ya karya mini dawa. Tunda hanya ce, na bi da shi ta wajen rijiyar. Ya durƙusa, ya daɗe, ya ɗebi ƙasa a ƙyalle. Bai ambaci gado ba. Ni ma ban tambaya ba.

Maikuɗi ya ce na yanka kaina, in jira sammaci. Wataƙila.

Kafin Sajo ya tafi na ce masa in ya sake zuwa da damina kada ya kafa tanti a gindin kuka, ruwa na kwanciya. Akwai zaure. Don tantin na faɗa.