Rabin Mita a Zanen Makaranta

Jidda, 9 ga Maris, 1990

Yaya Dikko,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Inna, da Laure da yara. Yaya shinkafar Zauro bana? Ni lafiyata lau.

Aiki na nan yadda ka sani. Ina zaune gaban kwamfuta ina sa wa zanen gini lambobin awo: faɗin ƙofa, tsawon bango, tsayin daɓe daga ƙasa. Makon jiya maigidanmu ya kawo zanen wata makaranta da aka gina bakin kwari. Ya ce in rubuta tsayin daɓen mita ɗaya da rabi, alhali awonmu rabin mita ne, wai don hukuma ta sa hannu. "Lamba ce kawai, Hodi," in ji shi, yana kurɓar shayi. Wallahi, Yaya, mu da munka ga ambaliyar gulbin Rima ta ci gidaje a Argungu za a gaya wa haka? Yara za su zauna ɗakunan nan.

Na ce ba ni yi. Wani ya yi cikin minti biyu. Yanzu gyaran girman haruffa kaɗai ake ba ni, kuma ba mai yi mani magana. Ba komi, ina cin abinci.

Don Allah ka tambaya mani Sakkwato ko ana neman mai zane. Gara in dawo in riƙa fensir. Kada Inna ta ji dalili, addu'arta kawai nake so.

Ƙanenka,
Hodi