Rauta Biyu a Gidan Baba

Nasarawa, Kaduna

Zuwa ga Yaya Istifanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Deborah da yara, da sanyin Kanada. Allah ya ƙara muku ƙarfi. Mu nan sai godiya. Baba yana cin abinci, amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye, bakin bai dawo ba.

Yaya, maganarka ta ranar Lahadi ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Ka ce da gangan muke kashe kyamarar da ka aiko, don kada ka ga halin da Baba yake ciki. Haba! Ni da nake juya shi, nake masa wanka? Na yi kuka, amma ban riƙe ka ba, don na san nisa ne.

Ga abin da ya faru. Ɗakin Baba yana can ƙuryar gida, intanet ba ya kaiwa. Sai autanmu Jethro, sarkin karambani, ya sayo rauta ta biyu, wato akwatin nan mai raba intanet, ya jona da ta falo. Wayoyinmu suka kama tsaf, mu ma muna ganin Baba a kyamarar, kai kaɗai ne ba ka gani. Rashin sani ya fi dare duhu. Da na kai kuka wurin Chinenye, 'yar cocinmu mai gyaran kwamfuta a Kakuri, ta zo ta duba, ta yi mana bayani har na riƙe baki. Ashe duniya adireshi ɗaya tak ta san gidanmu da shi! Rautar falo ce take raba wa kowace waya lambarta ta cikin gida, ta kuma tuna wa ya aiki wa, kamar maigadin da ya san kowa a gidan haya. To ita ma ta biyun sai ta naɗa kanta maigadi, tana raba nata lambobin. In ka ƙwanƙwasa daga can, ta falo ta duba mutanenta, ba ta ga wata kyamara ba, sai ta sallame ka. Chinenye ta hana ta biyun rabon lambobi, ta sauya wa kebul rami, ta buɗe maka ƙofa a ta farko. Ikon Allah, duk wannan hidima a cikin ɗan akwatin da nake ɗora wa kwandon albasa!

Ka ga abin da ya biyo baya, amma ba ka ga yadda tsigar jikinmu ta tashi ba. Kyamara ta juya kai da kanta, kai kana wata duniya kana motsa yatsa, muryarka ta cika ɗaki. Jethro ya durƙusa yana ta yabon Ubangiji.

Bayan ka kashe, Baba ya yi mini nuni na sauko masa da kyamarar. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta, yadda yake sa mana albarka, ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannun, ya juya yana kallon ƙofa.

Ka gaida Anti Deborah, da Joseph da ƙaramar Celina. Jethro da Inna Lizzy ta Trikania suna gaishe ku. Yaya, yanzu hanya a buɗe take, ka duba shi duk lokacin da kake so. Amma ka nemi hutu ka taho. Kanka yake nema ya dafa.

Taka ƙanwa har kullum,
Judith