Yadda Hadiza Ta Hana a Sallamo Malam

Zuwa ga Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ya sanyin Jos? Mu nan Argungu sai godiya.

Bayan yankan shinkafa ciwon huhu ya kwantar da Malam, har munka kai shi asibiti Birnin Kebbi. Kwana goma numfashi na yi masa wuya, allura ba ta yi komai ba. Ƙannensa sunka ce a maida shi gida, ya cika a ɗakinsa.

Sai ɗiyata Hadiza, da ke aiki ɗakin gwajin jini, ta durƙusa gaban Baffa Sani, babban ƙannen Malam. Ta ce, "Baffa, wannan cutar ba ta jin allura, jiki ke yaƙar ta. Sau biyu an auna jinin Baba, garkuwar jikinsa ƙaruwa take yi. Likita ma ya gani. Ku ƙara haƙuri."

Baffa ya ce a bar shi asibiti.

Bayan kwana biyar Malam ya nemi fura. Jiya da ƙafarsa ya tafi masallaci. Yaya, ni na haifi Hadiza, amma ranar da ta yi maganar nan kallonta kawai nike.

Ki sa mana ita a addu'a. Ki gaida Alhaji da Inna.

Ƙanwarki,
Rabi