Buhunan Auta a Jikin Ɗakin Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da ni, Yaya, na san hidima ta yi maka yawa, ban so in ƙara maka wani nauyi ba. Sau biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwar yara da yaran duka, Allah ya ƙara rufa asiri, amin. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi, har ta taka zuwa bakin titi ranar kasuwa. An gama kwalbatin gaban masu kayan miya, sai dai motocin kaya sun dawo tsayawa a layinmu. Telan bakin kwana kuwa ya sayi keke mai inji, yanzu ko gaisuwa sai an ɗaga masa murya.

Da a waya zan faɗa maka, to duk kiran da kake yi a wayar Auta kake samunmu, shi kuma yana tsaye a kaina. Shi ya sa na ba direban da ke zuwa wajenku wannan takarda.

Yaya, rufin shagon Auta na kasuwa ya fara yoyo, sai ya kwaso buhunan wake da masara ya jibge su a tsohon ɗakinka. Ka san bangon da ke tsakaninsa da ɗakin Inna bai kai rufi ba, akwai buɗaɗɗen wurin nan a sama inda muke leƙe muna yara. Kowane buhu ya ƙulla ƙwayar maganin ƙwari a tsumma ya cusa ciki, yadda duk masu hatsi suke yi, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Tun ranar wani wari mai kama da na tafarnuwa yake sauka ɗakin Inna. Ita kuwa murna take yi. Wai ba sauro, ba kyankyaso, ɓerayen ma sun yi hijira. Albarka take ta sa wa Auta. Har tsohon zane ta samu ta toshe taga, wai kada maganin ya fita a banza. Maƙwabta biyu sun zo roƙon ƙwaya ɗai-ɗai su sa a ƙarƙashin gado.

Ni ma ban ɗauke shi komai ba sai makon jiya. Mai gyaran keke na bayan masallaci, shi da matarsa da 'yarsu, aka kwashe su sai asibiti, amai da ciwon ƙirji. Na je dubiya. Ina zaune malamar asibiti ta tambayi matar ko suna ajiye hatsi a ɗakin kwana, ta ce buhu uku ne kawai a bayan ƙofa, da magani a ciki. Malamar ta riƙe kai. Ta ce ƙwayar nan iska take zama, ba a ganinta, kuma tsofaffi da yara take fara kayarwa. Da kunnena na ji, ba labari aka ba ni ba. Iyayen an sallame su, yarinyar kuwa har yau tana can da robar numfashi a hanci.

Inna kwana biyun nan tana kukan ciwon kai. Ka san yadda take karatunta na safe da ƙarfi har a tsakar gida ana ji. Yanzu sai ta tsaya a tsakiyar aya ta nemi numfashi. Kazar da take kwanci a bakin ƙofar ɗakinka kuma mun tsince ta a sandare. Ban ce maganin ne ba, Allah shi ne masani. Abin da idona ya gani kawai nake faɗa maka.

Na sami Auta a keɓe, a hankali na yi masa magana. Dariya ya yi, ya ce sannu babbar likita, yaushe aka ba ni takarda bai sani ba. Wai shekara goma yana ɗaukar ƙwayar nan da hannunsa ko atishawa bai taɓa yi ba, mai gyaran keke ne ya zuba ta ba lissafi. Ya ce in ya mayar da kayan shago ruwa zai ruɓar da su. Na roƙi Inna ta dawo gidana ko na wata ɗaya ne. Ta ce a ɗakin nan ta haife mu, a nan Baba ya cika, wari ba zai kore ta ba. Wai ni dama tun ina ƙarama ko ƙadangare na gani sai na yi ihu.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne, Auta ya ce ranar kasuwa mai zuwa mota za ta kawo masa wasu buhunan, kuma zai sabunta magani a duka. Ina tsoron kada wannan ya zama kai ƙarar ɗan'uwa, in na yi kuskure Allah ya yafe mini. Don Allah kada ka yi masa faɗa. Yana son Inna, bai yarda ba ne kawai. Amma kai ne babba, maganarka su biyun suke ji. Ka ce masa ya mayar da kayan ɗakin ajiyar Kawu da ke bayan tasha, babu mai kwana a wurin, kuma na tambayi Kawu ya yarda.

Ni dai maigidana ya ba ni izini, na naɗo tabarmata na dawo ɗakin Inna. In ta toshe tagar in zare zanen, ta yi mini faɗa, in ba ta haƙuri, ta sake toshewa. Abin da take shaƙa shi nake shaƙa, kuma ba inda zan je sai an fitar da buhunan nan.

Ka gaishe mini da uwar yara, da Babban Mutum, da 'Yar Inna, da takwarata mai rigima. Gwaggo da Kawu suna gaishe ku da kyau. Direban zai juyo jibi. Don girman Allah, Yaya, ka ba shi amsa ya taho mini da ita.

Wassalam,
Ƙanwarka.