Mutum Biyu a Bakin Tarko

Afrilu

Maigidana Desmond,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin, ya hannun? Ina fata nas ɗin da ke karanta maka wasiƙar nan tana bi a hankali, don na san ba ka son a yi maka gaggawa.

An kafa tarkon ƙirga kifi a rafinmu. 'Ya'yan kifin salmon sun fara gangarowa za su teku, jikinsu har ya soma ƙyalli kamar sabon cokali. Kullum da safe sai in buɗe akwatin tarkon, in ƙirga su, in auna, in sake su. A da kai ke kamu, ni ina rubutu. Yanzu fensir a baki, bokiti a hannu, ina ta surutu ni kaɗai, ba mai tsokanata wai na tsallake goma.

Priscilla, shugabar ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai masu kula da kifi, ta zo ta tuna mini doka: ba a shiga ruwa sai mutum biyu, in ba haka ba a cire tarkon. Na ce ta kwantar da hankalinta, kana nan dawowa kafin kifin su gama wucewa.

Taka,
Noreen

Farkon Mayu

Des ɗina,

Ina gaishe ka. An ce ka fara cin abinci da kanka, na ji daɗi.

Na roƙi maƙwabcinmu Lorne ya riƙa raka ni. Ya zo, amma bakinsa bai huta da zancen motarsa ba. Na gaya masa a jiƙa hannu kafin a taɓa kifi, ya ce ai ya girme ni a kamun kifi. Ya damƙi ɗaya da busasshen hannu, ya matse, kifin ya mutu. Ka san bakina. Bai sake zuwa ba, ko gaisuwa yanzu sai ta bayan shinge.

Gidan ya yi mini girma. Har yau kofi biyu na gahawa nake haɗawa, in shanye duka, in wuni zuciya na bugawa. Ina kewarka, Des, har gardamarka nake kewa.

Matarka,
Noreen

Ƙarshen Mayu

Maigidana,

Da fatan ka kwana lafiya. Na yi magana da likitanka jiya. Ya gaya mini abin da ya gaya maka, cewa ba za ka sake shiga ruwa ba, kuma na san ka riga ni ganewa, ka yi shiru ne don ni.

Priscilla ta samo wani mutum, Harjit, tsohon direban bas ne, bai daɗe da yin ritaya ba. Ba shi da surutu, kuma sau ɗaya na faɗi maganar jiƙa hannu. Sai dai ƙafarsa ƙatuwa ce, duk takalman shiga ruwa na ƙungiya ba wanda ya shige shi. Priscilla ta dubi naka da ke rataye a baranda, ta kawar da kai. Na ce ta ba ni zuwa safe.

Na ba shi, Des. Sun yi masa daidai. Da ya shiga ruwan ya juya mini baya, sai da na kira shi da sunanka. Bai gyara mini ba, ya dai miƙo hannu na ba shi bokitin.

Tarkon yana nan. Ina zuwa ranar Asabar.

Taka har kullum,
Noreen