Zobban Kifin Katakon Baba

Ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya da iyali, Allah ya ƙara buɗi. Mu nan da sauƙi, amma ba lafiya lau ba.

"Yaya, kar ku bari Baba ya ɗaura ƙugiya da waya, zan aiko da zobban ƙarfe na gaske kafin ruwa ya cika." Bakinka ne ya faɗi haka, kana tsaye a ƙofar ɗakina. Ruwa ya cika har ya fara janyewa. Da Baba ya gaji da jira ya kira ka, sai ka ce masa ai zoben makulli ma ya isa.

To, ya isa. Shekaranjiya wani ƙaton kifi ya kama kifin katakon da Baba ya sassaƙa ya maƙala wa ƙugiyoyi don yaudarar kifi. Yana ja, zoben ƙugiyar wutsiya ya buɗe. Katakon ya dawo kamar an harbo shi, ƙugiyar cikinsa ta shige masa ƙarƙashin gira. A gefen idon dama, Auta, wanda shi kaɗai yake gani da shi. Ni na riƙe kansa likita yana yanka. Ya ce saura faɗin ƙwayar shinkafa ta tsokale idon.

Shi kuwa tsohon dariya yake, wai kifin ya fi 'ya'yansa cika alkawari, tunda ya zo. Yana zaune da bandeji yana lanƙwasa wata wayar da haƙori, ya ce ranar Asabar ta sama zai koma ruwa.

Na zauna na karanta abin da kai ba ka karanta ba. Zobe mai ninki biyu ake so, wanda ba ya tsatsa, wanda ya fi igiyar ƙarfi, don in abu zai tsinke igiya ta tsinke. A kasuwarmu babu, na zaga har rumfar maƙera. Araha ba ta ado, balle a fuskar uba.

Ka gaida amaryarka da Kawu Dogo. Inna tana gaishe ka, ni ce dai ban huce ba.

Ka ba direban motar garinmu zobban su iso kafin Alhamis. In Alhamis ta wuce, zan sa filaya in cire kowace ƙugiya a akwatinsa, in kulle fatsar a ɗakina. Sannan in kira ka, in miƙa masa wayar, kai ka gaya masa dalilin da ya daina kamun kifi.

Yayarka, mai tsoro.